Butan: sun tsare ƙofar talabijin, matasa sun fice ta filin jirgi

Yawancin ƙasashe in ka tambaya yaushe dunƙulewar duniyar nan ta shigo musu ba mai iya ce maka ga rana ga wata, abin sulalowa ya yi a hankali ta kasuwanci da makaranta da rediyo har ya zama jiki. Butan kam tana da kwanan wata. Ranar 2 ga Yuni 1999 sarkin ƙasar na huɗu, Jigme Singye Wangchuck, ya tsaya a filin wasa na Changlimithang da ke Timfu babban birni ana bikin cikarsa shekara 25 da naɗi, a nan aka ɗage haramcin talabijin aka kuma buɗe intanet a lokaci guda. A jawabinsa ya ja kunnen jama'a cewa akwatin nan da amfaninsa da illarsa, ya danganta da yadda aka yi da shi. Tun daga nan 'yan jarida da masu bincike suka yi wa ƙasar caa, kowa na son ya ga me talabijin zai yi wa mutanen da ba su saba da shi ba. Ni dai a ganina sun zuba ido a inda ba nan gizo ke saƙar ba.

Ƙasar 'yar ƙarama ce a tsaunukan Himalaya, Indiya ta kewaye ta kudu da gabas da yamma, China na arewa ta ɓangaren Tibet, mutanenta ba su kai dubu 800 ba. Turawa ba su taɓa mulkarta ba. Mafi yawa mabiya addinin Buddha ne, sai 'yan Hindu a kudu. Har ƙarshen shekarun 1950 ba titin mota a ƙasar, da ƙafa da alfadari ake tafiya, kuma cinikinsu da Tibet ya fi ƙarfi. Da China ta murƙushe boren Tibet a 1959 har Dalai Lama, jagoran addinin Tibet, ya tsere Indiya, sai sarki na uku Jigme Dorji Wangchuck ya ga cewa zama a rufe ba tsaro ba ne, ƙaramar ƙasar da duniya ba ta san da ita ba ana iya haɗiye ta ba wanda zai ce uffan. Aka rufe iyakar arewa aka juya kudu. A 1961 aka fara shirin raya ƙasa na shekara biyar da kuɗin Indiya, aka fasa titi daga Phuentsholing a bakin iyaka zuwa Timfu, aka buɗe makarantun boko aka ɗebo malamai daga Indiya, aka kuma yanke wata shawara da a lokacin ba wanda ya ɗauke ta babban abu: Turanci ne zai zama harshen koyarwa. A riƙe wannan, za mu dawo kansa. Sai shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a 1971, 'yan yawon buɗe ido na farko da kuɗin ƙasa ngultrum a 1974, fara tashin jiragen kamfanin Druk Air a 1983.

Tsarinsu shi ne a buɗe amma da awo. Sarki na huɗu shi ya shahara da maganar cewa jin daɗin al'umma ya fi yawan abin da ƙasa ke samarwa muhimmanci, maganar da ta zama manufar gwamnati har ta shiga kundin tsarin mulki na 2008, wanda kuma ya wajabta kashi 60 cikin 100 na ƙasar ya zauna daji har abada. Baƙo ba ya shigowa haka kawai da jakarsa a baya, sai ya biya kuɗi mai tsoka kowace rana, wai gara baƙi kaɗan masu kashe kuɗi da tururuwar da za ta tattake wuri.

Abin da aka yi da sunan kare al'ada

A 1989 aka fito da doka ta tilasta bin ladubban gargajiya da suke kira Driglam Namzha, har da sutura. Namiji zai sa gho, wata riga ce mai kai wa gwiwa da ake naɗewa a ɗaure tamau da ɗamara a ƙugu, sai saman ya yi wani ƙaton aljihu a ciki inda mutum ke zuba komai nasa, da kofin katako ne da wuƙa, yanzu waya ce da makullin mota, ga farin naɗi a hannun riga ga doguwar safa. Mace kuma kira, zane ne har idon sawu. In za ka shiga ofis ɗin gwamnati ko fadar gunduma sai ka rataya wani mayafi da launinsa ke nuna matsayinka, fari na talaka, ruwan lemo na minista, rawaya na sarki da babban limamin addininsu kaɗai. A wannan shekarar dai aka ce a sauke tauraron ɗan'adam da wasu suka kakkafa a gidajensu suna kamo tashoshin waje.

Masu tallan yawon buɗe ido a nan suke tsayawa, amma labarin bai tsaya nan ba. A kudancin ƙasar akwai al'ummar Lhotshampa masu jin harshen Nepal, yawancinsu 'yan Hindu, da kakanninsu suka zo tun ƙarshen ƙarni na 19 suka share daji suka yi gonaki. Gwamnati ta tsorata da yawansu, musamman da ta ga yadda Indiya ta haɗiye makwabciyarta Sikkim a 1975 inda masu jin harshen Nepal suka fi yawa. Aka tsaurara dokar zama ɗan ƙasa a 1985, aka yi ƙidaya a kudu a 1988 ana neman mutum ya kawo takardar biyan haraji ta 1958, ka ji fa, manomin ƙauye ya ajiye rasit na shekara talatin. Aka cire harshen Nepal daga makarantu, aka ce su ma su sa gho da kira a zafin kudu. Zanga-zanga ta ɓarke a 1990, aka yi kame da duka, wasu daga cikinsu ma sun ɗau makami, a ƙarshe sama da mutum dubu 100 suka tsinci kansu a sansanonin gudun hijira a gundumomin Jhapa da Morang na Nepal. Gwamnatin Butan ta ce yawancinsu baƙin haure ne ko kuma da kansu suka tafi, su kuma suka ce tilasta musu aka yi suka sa hannu a takardar barin ƙasa. Kusan shekara ashirin suna zaune a bukkokin gora, tattaunawa tsakanin Butan da Nepal ba ta haifar da komai ba, sai daga 2007 aka fara shirin kwashe su zuwa wasu ƙasashe, sama da dubu 100 aka kwashe kuma mafi yawansu Amurka.

Ina dagewa a kan wannan ne saboda duk wata ɓarna da aka ce talabijin ya yi wa Butan ba ta kama ƙafar wannan ba, kuma wannan ba baƙon abu ne ya yi shi ba, tsoron baƙon abu ne.

Da akwatin ya iso

Tashar gwamnati BBS ta fara da ɗan gajeren lokaci a rana a Timfu kaɗai, amma cikin 'yan watanni masu kebul suka ja waya gida-gida, mutum ya biya kuɗi kaɗan a wata ya sami tashoshi arba'in da wani abu, wasan kwaikwayon Indiya mai dogon zango, kokawar Amurka, ƙwallon Turai, tashar kiɗa ta MTV, labarai, talla ba dare ba rana. Malamai suka fara kukan yara na kwaikwayon kokawa a filin makaranta suna maka juna da ƙasa, iyaye suka ce an daina hira wajen cin abinci kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya yana kallon allo, har lokacin cin abincin ma an matsar da shi don kar a rasa wasan da ake bi. A 2002 aka sami jerin laifuka da suka girgiza mutane, kisa da fashi da almundahana, jaridun waje suka ɗauka, jaridar Guardian ta Ingila ta yi dogon rahoto a 2003 da ya ɗora laifin kusan duka a kan talabijin. Daga baya gwamnati ta toshe wasu tashoshi, ciki har da MTV da Fashion TV da wata tashar wasanni mai nuna kokawa.

Labarin ya yi daɗin bayarwa, aljannar duniya ta lalace cikin shekara uku saboda akwati, amma an bar jaki ne ana dukan taiki. Na farko, mutanen Timfu ba a 1999 suka fara ganin fim ba, tun kafin nan akwai shagunan hayar kaset ɗin bidiyo ana kallon finafinan Indiya da na Amurka, manyan ma'aikata da yawa ma a Indiya suka yi karatu. Na biyu, a daidai wannan lokacin ne ƙauye ke kwarara birni, Timfu na da mutum kusan dubu 80 a ƙidayar 2005, zuwa 2017 ta haura dubu 114, samari sun gama sakandare ba sa son komawa gona ga aikin gwamnati ba ya isa, ga ƙwayoyi na shigowa ta iyakar Indiya da a buɗe take. Ko ba talabijin wannan haɗin zai haifar da abin da zai haifar. Kuma laifin da a da ake kashewa a ƙauye tsakanin dattawa yanzu jarida na bugawa, sai ya zama kamar sabon abu.

Wani abin da masu hasashen mutuwar al'ada ba su hango ba shi ne mutane za su ɗauki kayan su yi nasu da shi. Kyamarar dijital ta yi arha sai masana'antar fim ta gida ta tashi, cikin 'yan shekaru gidajen silima na Timfu da a da finafinan Indiya suka cika su suka koma nuna na gida cikin Dzongkha harshen ƙasa, ko da yake dai salon na Indiya ne, soyayya da rawa a kan tsauni. Waƙar zamani da suke kira rigsar ta cika motocin haya. Harbin kibiya wanda shi ne wasan ƙasa bai mutu ba, bakan ne ya canza, masu hali suka ajiye na gora suka koma sayen baka mai ƙarfe da ƙafafun juyi daga Amurka, amma in ka je fili mutum na sanye da gho ɗinsa, abin harin na can nesa kusan mita 145, abokan hamayya na tsaye kusa da shi suna yi wa mai harbi ba'a, in kibiya ta samu sai 'yan ƙungiyarsa su jeru su yi waƙa suna taka rawa a hankali kamar yadda kakanninsu suka yi. Wayar salula ta zo a 2003, kuma da wayar zamani ta yaɗu tsofaffin ƙauye da ba su iya karatu ba suka rungumi manhajar hira ta WeChat saboda saƙon murya, suna magana da 'ya'yansu da ƙananan harsunan da ko tsarin rubutu ba su da shi. Matasan birni kuwa daga Indiya suka koma Koriya ta Kudu, aski da sutura da waƙa, da rana gho a ofis da yamma wandon jins.

A siyasa ma allon ya yi aiki. Sarki na huɗu ya sauka da kansa a 2006 ya miƙa wa ɗansa Jigme Khesar Namgyel Wangchuck, aka yi zaɓen majalisar wakilai na farko a Maris 2008, 'yan takara suka yi muhawara a BBS mutanen ƙauye na kallo, kuma tun daga nan duk zaɓe sai an kayar da jam'iyya mai mulki, 2013, 2018, da na ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024. Ƙasar ta haramta sayar da taba a 2004 ta ƙara tsaurarawa a 2010, sai a 2011 kotu ta ɗaure wani matashin malamin addinin Buddha shekara uku saboda tabar taunawa da kuɗinta bai kai dala 3 ba, mutane suka taso a Facebook, abin da ba a saba gani ba a ƙasar da ba a ja da hukuma, dole aka sassauta dokar a 2012, a 2021 kuma aka halatta sayarwar gaba ɗaya don fasaƙwauri ya fi ƙarfinsu lokacin korona.

Ƙofar da ba a tsare ba

To mu koma kan Turancin nan. Yaro a Butan tun daga firamare lissafi da kimiyya da kusan komai da Turanci yake koya, Dzongkha darasi ne a cikin darussa, shi ya sa da yawan masu digiri sun fi iya rubuta Turanci a kan harshen ƙasa, abin da hukumomi suka daɗe suna kuka a kai. Ilimi kyauta, asibiti kyauta, tsawon rai ya haura shekara 70, talauci ya ragu sosai har ƙasar ta fita daga jerin ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba a Disamba 2023. Duk nasara ce ta gaske ba wanda zai musa. Amma tattalin arzikin ya tsaya ne kan wutar lantarki ta ruwa da ake sayar wa Indiya daga madatsu irin su Chukha da Tala, da yawon buɗe ido, da aikin gwamnati. Madatsar ruwa na kawo kuɗi amma ba ta ɗaukar ma'aikata da yawa, gininta ma leburorin Indiya ne ke yi. Wato ƙasar ta shekara sittin tana tarbiyyar matasa masu lafiya masu jin Turanci masu waya a hannu, waɗanda kasuwar ƙwadago ta duniya ke nema ido rufe, ba ta kuma tanadar musu abin yi a gida ba.

Korona ta zo ta rufe yawon buɗe ido sama da shekara biyu, da aka buɗe a Satumba 2022 kuma sai gwamnati ta ɗaga harajin baƙo daga dala 65 zuwa dala 200 a kowane dare, baƙi suka ƙi zuwa, masu otal da direbobi da 'yan rakiya suka zauna ba aiki. Rashin aikin yi a tsakanin matasa ya kai kusan kashi 29 cikin 100 a 2022. A daidai lokacin Ostireliya ta buɗe iyakarta tana neman ɗalibai da ma'aikata. Cikin wata 11 zuwa Mayu 2023 'yan Butan sama da dubu 12 suka tafi can da bizar karatu, kusan kashi ɗaya da rabi cikin 100 na al'ummar ƙasar kaf, a ƙasa da shekara guda. Yawancinsu birnin Perth suke nufa. Yadda abin ke tafiya, iyali su jinginar da fili ko su ci bashin banki a biya kuɗin makaranta, ɗaya daga cikin ma'aurata ya yi rajistar karatu ɗayan ya bi shi a matsayin abokin zama ya kama aiki, shara a ofisoshi da dare, kula da tsofaffi, wanke-wanke a gidan abinci, kuma abin da zai samu a mako yana iya fin albashin wata na malamin makaranta a gida. Yara ƙanana sau da yawa a bar su wajen kaka. Waɗanda ke tafiyar kuma ba zauna-gari-banza ba ne, malamai ne da nas-nas da injiniyoyi da ma'aikatan banki da suka ajiye aiki, har ta kai makarantu da asibitoci na rasa ƙwararru. Firaminista Tshering Tobgay da bakinsa ya ce abin barazana ne ga wanzuwar ƙasar, alƙaluman gwamnati na cewa kusan kashi 9 cikin 100 na 'yan ƙasar suna waje.

Ba talabijin ne ya yi wannan ba, ko in ce ba shi kaɗai ba. Hoton ɗan ajinku ne a Facebook tsaye jikin motarsa a Perth, da gidan bene da maƙwabta suka gina a Timfu da kuɗin da 'yarsu ke aikowa. A ƙauyukan gabas kuwa gidajen da aka kulle aka watse sun yi yawa har suna da suna a takardun hukuma, gungtong, gonaki sun koma daji aladun daji da birai na cinye ɗan abin da tsofaffin da suka rage suka shuka, bikin shekara na gidan ibada ana rasa samarin da za su sa abin rufe fuska su yi rawar. Haihuwa ma ta faɗi ƙasa da 'ya'ya biyu ga kowace mace. Wani fim na ƙasar da ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Oscar a 2022 labarin malamin makaranta ne da burinsa kawai ya tafi Ostireliya, kun ga su kansu sun san inda ke musu ciwo.

Da sarki ya kai ziyara Ostireliya a Oktoba 2024, dubban 'yan ƙasarsa suka cika filaye a Sidni da Kanbera da Perth, sanye da gho da kira tsaf, wasu na hawaye. Suturar da aka kafa doka don kare ta a 1989 tana nan ba abin da ya same ta, ba ɗan sandan da ya tilasta musu sawa a can, masu sawar ne dai ba sa gida.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai yawa a 2023, an rage harajin baƙo zuwa dala 100, an fara bautar ƙasa ta dole ga 'yan shekara 18 mai suna Gyalsung a 2024. Sai kuma abin da ya ba duniya mamaki, ashe kamfanin zuba jari na gwamnati ya shekara da shekaru yana haƙar kuɗin intanet na Bitcoin a ɓoye da kwamfutoci masu amfani da wutar madatsun nan, ƙasar da ta hana talabijin har 1999 ta wayi gari cikin gwamnatocin da suka fi tara wannan kuɗi a duniya. Babbar cacar kuwa ita ce Gelephu. A 17 ga Disamba 2023 sarki ya sanar da gina sabon birni a can kudu a bakin iyakar jihar Assam ta Indiya, yanki mai cin gashin kansa da ya ninka Singafo girma, mai dokokinsa na kasuwanci da aka aro daga Singafo da Abu Dhabi, da filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa, don a jawo jarin waje a samar da irin aikin da zai sa na Perth su dawo. Wato maganin da aka samo wa buɗewa shi ne a ƙara buɗewa fiye da yadda aka taɓa yi. Kuma yankin na cikin wuraren da aka kori Lhotshampa, wasu daga cikin waɗanda ke Amurka da 'yan dubban da suka rage a sansanonin Nepal na cewa gonakin iyayensu na cikin filin, har yau kuma ba a buɗe musu hanyar komawa ba.

Birni irin wannan aikin shekaru ne masu yawa, mai shekara 25 da ke riƙe da takardar shiga jami'a a hannu ba zai jira shi ba. Abin da ya fi saurin taɓa tafiyar tasu ma ba daga Timfu ya fito ba, daga Kanbera ne, inda gwamnatin Ostireliya saboda rikicinta na tsadar gidaje da siyasar baƙi ta tsaurara sharuɗɗan bizar ɗalibai, ta kuma ɗaga kuɗin neman bizar daga dalar Ostireliya 710 zuwa 1,600 a Yuli 2024.